Gidan Bahaushe a Manhajar Koyar da Tsara Cikin Gini a Jami'o'in Arewacin Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazari a kan abin da ya kamata jami'o'in arewacin Nijeriya su koyar idan sun buɗe digirin tsara cikin gini, musamman a cikin kason darussan da sabuwar manhajar ƙasa ta bar wa kowace jami'a. An kwatanta zato guda biyar da littattafan wannan fanni suka ginu a kansu da yadda ake zama a gidan Bahaushe. Nazarin ya nuna cewa ma'aunan da ake ɗauka a matsayin na kowa da kowa an samo su ne daga lura da rayuwar wasu al'ummomi na daban. Don haka maƙalar ta yanke hukuncin cewa hanyar shigar da al'ada cikin wannan karatu ita ce a mayar da gidan Bahaushe abin aunawa da nazari a ɗakin koyon zane, ba a tsaya ga kwafar adonsa ba.

1.0 Gabatarwa

A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta ƙaddamar da sabon kundin manhajar jami'o'i da ake kira CCMAS. Abubuwa biyu a cikinsa sun shafi wannan maƙala. Na farko, fannin zanen gine-gine ya zama rukuni mai zaman kansa, kuma an lissafa digirin tsara cikin gini da na zanen kayan ɗaki a ƙarƙashinsa. Na biyu, hukumar ta tsara kashi 70 cikin 100 na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 domin ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna abin da ya fi cancanta a cike wannan gurbi da shi a jami'o'in da ke ƙasar Hausa, da dalilin da ya sa.

Abin da ake nufi da tsara cikin gini a nan shi ne ilimin yanke shawara a kan yadda za a raba fili a cikin gini, da hanyoyin shiga da fita, da haske da iska da sauti, da abin da za a shafe bango da ƙasa da shi, da kayan ɗaki, da kare lafiyar mazauna. Ƙawatawa reshe ne ɗaya kawai daga cikinsa. Nauyin da ke kan mai wannan aiki ya fito fili a gobarar gidan rawa na Cocoanut Grove a birnin Boston na Amurka a 1942, inda mutane 492 suka mutu. Ginin kansa bai rushe ba. Kayan ado masu saurin kama wuta da ƙofofin da ba su fitar da jama'a ba su ne suka yi kisan. Fannin da kuskure a cikinsa ke iya cin rayuka haka ya cancanci gurbi a jami'a, kuma ya cancanci a gina koyar da shi a kan sanin mutanen da za su zauna a ginin.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Ayyukan da suka shafi wannan batu sun kasu gida uku. Kashi na farko shi ne tarihin fannin a Turai da Amurka. A farkon ƙarni na 20 ne Frank Alvah Parsons ya shigar da koyar da adon cikin gida a makarantar da yanzu take ɗauke da sunansa a New York. A Jamus kuwa, makarantar Bauhaus da Walter Gropius ya kafa a Weimar a 1919, wadda aka rufe a 1933, ta haɗa koyon zane da aikin hannu a ɗakunan sassaƙa da saƙa da ƙira, har ya zama ɗalibi ba ya zana abin da bai san yadda ake ƙera shi ba. Daga baya fannin ya kafa hukumominsa: ƙungiyar duniya ta IFI a 1963, da hukumar jarrabawar ƙwarewa ta NCIDQ a Amurka a 1974. A Nijeriya an kafa ƙungiyar masu wannan sana'a, IDAN, a 2007. Donald Schön (1983) ya bayyana cewa ƙwararre a irin wannan fanni yana koyo ne ta hanyar yin aiki yana nazarin aikin a lokaci guda, wanda shi ne dalilin da ya sa ɗakin koyon zane, ba zauren lacca ba, ya zama zuciyar karatun. Amos Rapoport (1969) kuma ya kafa hujjar cewa al'ada da tsarin zamantakewa ne suka fi tasiri wajen fitar da siffar gida, yanayi da kayan gini suna biye.

Kashi na biyu shi ne nazarin ginin Hausa. Kirk-Greene (1963) ya rubuta a kan gidaje masu ado a Zariya. Schwerdtfeger (1982) ya bi yadda gidajen Zariya ke faɗaɗa da tsukewa gwargwadon sauyin iyali. Hamman Tukur Sa'ad, a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Michigan (1981), ya yi nazarin yadda magina da kansu suke auna kyawun gini. Moughtin (1985) ya yi bayanin tsarin gari da gida da dabarun rufi, Prussin (1986) ta danganta zanen Afirka ta Yamma da Musulunci, shi kuwa Dmochowski (1990) ya bar zane-zane na aune na fadoji da masallatai da gidaje, kuma aikinsa ne ya haifar da gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Kashi na uku shi ne nazarin zamantakewa, kamar labarin rayuwar Baba ta Karo da Mary Smith ta rubuta (1954), da aikin Barbara Cooper (1997) a kan aure a Maraɗi, wanda ya nuna matsayin kayan ɗaki a dukiyar mace da martabarta.

Giɓin da ke tsakanin waɗannan ayyuka a bayyane yake. Kashi na farko ya ba da hanyar koyarwa, amma misalansa na wata nahiya ne. Kashi na biyu ya fi karkata ga ƙirar gini da adon bango da manyan gine-ginen sarauta da na addini. Kashi na uku ya shiga ɗakin mace, amma da idon masanin zamantakewa, wanda ba aikinsa ba ne ya auna tsayin gado ko hasken taga. Haɗa ukun wuri guda domin amfanin ɗalibi shi ne aikin da ya rage.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar kwatance. An zaƙulo zato guda biyar da ke ƙarƙashin ma'aunai da misalan da aka saba koyarwa a wannan fanni: cewa kowane ɗaki yana da aiki ɗaya, cewa ana zama a kan kujera ana aiki a tsaye, cewa gida na iyali ne ƙarami mai buɗaɗɗen falo, cewa wutar lantarki za ta gyara abin da yanayi ya ɓata, da cewa mai gida shi ne mai kayan ɗaki. Daga nan aka gwada kowane zato da abin da ayyukan da aka ambata suka tabbatar, da kuma al'adun zaman gida da suka shahara a biranen Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato. Nazarin ya taƙaita ga gidajen zama na Hausawa Musulmi mazauna birni. An zaɓi gidan zama ne domin a nan ne bambancin al'ada ya fi fitowa, kuma abin da aka koya daga gare shi yana aiki a asibiti da makaranta da otal.

4.0 Nazari

4.1 Aikin ɗaki

Tsarin da ya raba gida zuwa falo da ɗakin cin abinci da ɗakin kwana ya ginu ne a kan cewa wuri shi ke bambanta ayyuka. A gidan Bahaushe lokaci ne ya fi bambanta su. Ɗakin matar gida wurin kwana ne da dare, wurin karɓar baƙi mata da rana, wurin salla, kuma ma'ajiyar dukiyarta. Zaure wurin gaisawa ne da safe, makarantar allo ko wurin ɗinki a wasu gidaje, wurin cin abincin maza da dare, masaukin baƙo idan ta kama. Uwa-uba, mafi yawan aikin gida, daga daka da girki da wanki zuwa renon yara da taron suna, a tsakar gida ake yin sa, wato a filin da bango ya kewaye amma ba shi da rufi. Ɗalibin da aka koya wa cewa aikinsa yana farawa ne daga inda rufi ya fara zai bar wurin da ya fi kowane muhimmanci a gidan ba tare da tsari ba. Abin da wannan ke buƙata a manhaja shi ne darasin da zai sa ɗalibi ya bi ɗaki ɗaya daga asuba zuwa dare yana rubuta wanda ya shiga da abin da ya yi da kayan da ya motsa, sannan ya zana bisa abin da ya gani.

4.2 Jiki da ma'auni

Littafin ma'aunai da Ernst Neufert, ɗalibin Gropius, ya fara fitarwa a 1936 har yau yana kan teburin ɗaliban zanen gini a duniya. A irin waɗannan littattafai mazaunin kujera yana kusan santimita 45 daga ƙasa, tebur kusan 75, kantar girki kusan 90. Waɗannan alƙaluma daidai suke ga mai zama a kujera da mai girki a tsaye. Ɗakin girkin zamani mai kabad a manne da bango ya samo asali ne daga wanda Margarete Schütte-Lihotzky ta zana a Frankfurt a 1926, bayan ta yi nazarin motsin mace ɗaya mai aiki a ɗan ƙaramin ɗaki. Matar da za ta tuƙa tuwon mutum goma sha biyar tana buƙatar tukunya a ƙasa domin ta sa ƙarfin kafaɗa da nauyin jikinta a kan muciya, kuma sau da yawa ba ita kaɗai take aikin ba. Wannan ne ya sa ake ganin gidajen da aka kashe kuɗi a kan ɗakin girki na zamani, amma girkin gaske a murhu ko kurfoti ake yin sa a bayan gida. Haka kuma mai zama a tabarma ko darduma idonsa yana ƙasa da na mai zama a kujera da kusan tsayin kujerar, kuma jikinsa yana taɓa daɓe kai tsaye. Wannan yana sauya hukunci a kan inda za a sa fitila, da yadda iska za ta ratsa ɗaki, da ko tayil mai sanyi da santsi ya dace da ɗakin tsoho a lokacin hunturu. Darasin da ke cikin aikin Frankfurt shi ne hanyarsa, wato lura da aunawa. Jami'ar da ta kwafi sakamakon ta bar hanyar ba ta bi Turawan ba ma a abin da ya sa aikinsu ya yi inganci.

4.3 Matakan sirri da ibada

Gidan Bahaushe an tsara shi ne mataki-mataki: daga ƙofar gida zuwa zaure, daga zaure zuwa wani fili, sai shigifa, sannan cikin gida, kuma ana karkatar da ƙofofi yadda wanda ke waje ba zai hango ciki ba. Kowane mataki yana da waɗanda aka yarda su kai gare shi. Wannan tsari yana ba mace damar sakewa a gidanta, yana kuma ba mai gida damar karrama baƙo ba tare da ya takura wa iyali ba. Idan aka zuba iyali a gidan da ƙofar waje ke buɗewa kai tsaye cikin falo, kuma hanyar ɗakin girki ta ratsa ta gaban baƙi, sai mazauna su shiga gyara da labule da allon katako, ko matan gida su zama fursunonin ɗakunansu muddin akwai baƙo. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya kuwa, adalci yana da fuska ta zane: girman ɗakuna, da haske da iskar da kowanne ke samu, da nisansu daga turaka da madafa. Ibada ma tana da ma'auni. Alƙibla daga wannan yanki tana gabas ne tare da ɗan karkata zuwa arewa, kuma ana buƙatar fili mai tsabta da za a fuskance ta ba tare da mutane suna gittawa ba, da wurin alwala da ruwansa ba zai kwanta ba, da makewayin da bai fuskanci alƙibla ba, da wurin ajiye takalma a bakin ƙofa. Duk waɗannan sharuɗɗan aiki ne da ake iya zanawa a takarda a kuma jarraba ɗalibi a kansu.

4.4 Yanayi da kayan aiki

A Kano da Sakkwato zafin rana a watan Afrilu yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salsiyos, hunturu kuma yana zuwa da ƙura da sanyin dare. Magina sun amsa wannan da bango mai kauri na tubali, wanda ke jinkirta shigar zafin rana har zuwa dare, da ƙananan tagogi, da rufin soro. Da yake azarar giginya, wadda gara ba ta cika cin ta ba, ba ta ɗaukar nauyi idan tazara ta wuce kusan mita 2, sai suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga domin rufe ɗaki mai faɗi. A Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim a shekarun 1830, bakunan da ke ɗauke da rufi su ne kuma adon cikin ginin, don haka ƙira da ado abu ɗaya ne. Makuba daga ɓawon ɗorawa da katsi daga marina sun ba da shafe mai jure ruwa. Akasin haka, gidan bulo mai rufin kwano da manyan tagogin gilashi da kafet daga bango zuwa bango yana dogara ne ga na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma tana dogara ga wutar da ba ta tsayawa. Hatsarin da ke biyo baya na wannan muhalli ne: hayaƙin janareta ko na gawayi a rufaffen ɗaki, da katifa da kujerun soso masu fitar da hayaƙi mai guba idan sun kama wuta, da ƙarafan tsaro a taga da ke hana ɓarawo shiga su kuma hana mazauna fita. Ɗalibin da zai yi aiki a nan dole ne ya iya lissafin zafi da haske da iska a ranar da babu wuta, kuma ya san hanyar tsira daga ɗakin da tagoginsa ke da ƙarfe.

4.5 Mai kayan ɗaki

Littattafan fannin suna ɗauka cewa mutum ɗaya ko ma'aurata ne za su ba da aiki su kuma mallaki gida da abin da ke cikinsa. A al'adar Hausa miji ne ke samar da muhalli, iyayen amarya su kawo kayan ɗaki, 'yan uwanta mata su yi jere kafin a kai ta. Kayan nata ne, kuma suna bin ta idan zama ya ƙare ko an sauya gida. Abin da ake jerawa ya sauya daga ƙorai zuwa tasoshi da kwanonin sanholama da kwalla, zuwa tangaran a cikin kabad, zuwa saitin gado da kujeru na yau, amma aikinsa na nuna gata da adana dukiya bai gushe ba. Sakamakon wannan ga mai zane babba ne. Kayan da aka manne da bango ba su dace da dukiyar da ake son ta iya tashi ba. Sau da yawa kuma akan sayi kaya kafin a auna ɗakin da za su shiga, sai gado da sif su cinye fili har a rasa wurin shimfiɗa darduma. Nan akwai aikin bincike da kasuwa ga masu digiri: kayan ɗaki masu kyan gani da za a iya kwancewa a ɗaura, waɗanda aka auna su da ɗakunan haya na birni, kuma kafintocin gida za su iya ƙerawa.

5.0 Abin da Nazarin Ke Nufi ga Manhaja

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da tsari mai hawa huɗu. A shekarar farko ɗalibi ya auna gidaje na gaske, tsoho da sabo, ya zana su da kayan da ke ciki, ya rubuta yadda ake amfani da su, tare da izinin masu gida da kiyaye sirrinsu. A nan ɗalibai mata suna da damar da masu bincike maza ba su samu ba, domin suna iya shiga cikin gida. A shekara ta biyu ya zauna da magina da kafintoci da dukawa da marina da masu saƙar tabarma, yana koyo da hannu, kuma jami'a ta ɗauki waɗannan gwanaye a matsayin masu koyarwa da ake biya. A shekara ta uku ya auna zafi da haske da sauti a gine-gine daban-daban da na'ura, ya kuma koyi dokokin gini, ciki har da kundin dokar gini ta ƙasa na 2006 da dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019, wadda ta wajabta sauƙaƙa shiga gine-ginen jama'a. A shekarar ƙarshe ya warware matsala ta gaske, kamar ɗakin haihuwa a asibitin karkara ko ajin makarantar Islamiyya. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da sassan zanen gine-gine da zane-zane da zanen masana'antu a harabar guda, don haka kayan haɗa irin wannan shiri suna kusa da juna.

6.0 Amsa ga Masu Suka

Suka ta farko ita ce mutane sun bar ginin ƙasa, suna son na zamani, kuma jami'a ba gidan tarihi ba ce. Wannan gaskiya ce game da kayan gini, amma hujjar wannan maƙala ba ta rataya a kan tubali ba. Iyalin da suka koma gidan bulo ba su bar salla ko karɓar baƙi ko tuƙa tuwo ko jere ba, kuma gyare-gyaren da suke yi wa sababbin gidaje shaida ce cewa zanen bai biya musu buƙata ba. Ko a batun ƙasar ma, akwai misalin da ya nuna ba a rufe babinta ba. A Dandaji ta Jamhuriyar Nijar, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa da aka matse da inji, aka kammala a 2018. Kafin nan Masallacin Yama da magini Falke Barmu ya gina ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

Suka ta biyu ita ce mai digiri yana buƙatar ya iya aiki a Legas ko Dubai, kuma Nijeriya ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Amsa ita ce abin da ɗalibi zai fita da shi hanya ce ta lura da aunawa da fassara abin da ya gani zuwa zane. Wanda ya iya yin haka a gidan da ke Fagge zai iya yi a gidan Bayarabe ko na Balarabe, alhali wanda ya haddace ma'aunan littafi kawai ba shi da abin yi idan rayuwa ta saɓa wa littafin. Ilimin gama-gari na fannin, daga zane da kwamfuta zuwa ƙa'idojin gobara, yana nan a babban kason da hukuma ta tsara. Jami'ar da ke Maiduguri ko Makurdi kuma sai ta yi irin wannan da gidajen mutanenta.

Suka ta uku ta fito ne daga ɓangaren masu son al'ada, waɗanda ke ganin an riga an yi abin da ake nema, tunda ga dagi da zanko a otal-otal da ofisoshi. Manna irin wannan ado shi ne hanya mafi sauƙi kuma mafi ƙarancin amfani. Dagin da aka manna a bangon falon da matan gida ba sa iya ratsawa bai gyara komai ba. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sun nemi a narkar da ilimin gida da na waje su zama abu ɗaya, ba a jingina ɗaya a kan ɗaya ba. Nwoko ya bi wannan hanya a gine-ginensa har aka ba shi lambar girmamawa ta aikin rayuwa a bajekolin zanen gine-gine na Venice a 2023.

Suka ta huɗu ita ce mafi ƙarfi: babu isassun malamai da littattafai da kuɗi. Ba za a musanta wannan ba. Sai dai awon gida ba ya buƙatar fiye da tef da takarda da ma'aunin zafi, kuma idan kowane aji ya auna gidaje ya adana zanensu, cikin 'yan shekaru sashen zai mallaki kundin ma'aunai nasa, wanda daga gare shi ne littattafan da ake kukan rashinsu za su fito. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

7.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa zato biyar da koyar da tsara cikin gini ya gada ba su dace da aikin ɗaki, da yanayin zama da girki, da matakan sirri, da zafi da ƙarancin wuta, da mallakar kayan ɗaki a gidan Bahaushe ba. Gyaran yana cikin sanya gidan da mazaunansa su zama abin nazari na farko, da shigar da masu sana'ar hannu cikin koyarwa. Lokaci kuma ba ya jira, domin tsofaffin gidaje a cikin ganuwar Kano da Zariya suna rushewa ana maye su da bulo, kuma maginan da suka iya ɗaurin guga suna raguwa. Ana kira ga majalisun jami'o'i da NUC da ƙungiyoyin masu sana'ar da su sanya awon gidaje da koyo a hannun magina su zama darussa na dole tun daga rukunin ɗalibai na farko.